Ƙunshin Inna da Robobi Uku

Illela,
19 ga Oktoba.

Zuwa ga ƙanwata Radiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, karatu yana tafiya, cikinki kuma ya daina yi wa abincin Sinawa tawaye. Mu nan alhamdulillahi. Maigidana, kawunki Sufyanu, yana ta kai da kawo tsakanin nan da Ƙwanni tunda sabon gero ya shigo. Humaira ta fito da haƙora biyu, ni nake ɗanɗana kuɗata. Na koma makaranta, an ba ni aji uku, muryata ta riga ta dushe.

Inna ce dai jikin ba daɗi. Ƙafafun sun kumbura, an ba ta magani an ce kada ta sha sai ta ci abinci. Kin san kunnenta ba ya ɗaukar waya, shi ya sa ta ce in rubuta miki takarda irin ta da, ke ma ki rubuto, in zauna ta gefen kunnen dama in karanta mata. Na rubuta na ɗauki hoto na turo, ki yi haƙuri da rubutun, a kan cinya na yi.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kin tuna ranar da Inna ta tafi gaisuwar rasuwa Garu, saura kwana biyu ki tafi, kika gyara mata ɗaki, kika shimfiɗa sabuwar leda da labule? Har gobe tana faɗa wa baƙi jikarta ta mayar da ita amarya. Kin ce mata ƙunshe-ƙunshen tsummokin da ke ƙarƙashin gado kin kai sito. To, da ruwa ya ɗauke sai ta ce in ɗauko mata wanda aka ɗaure da baƙin zane za ta shanya. Makullin sito a hannuna yake, kin sani. Na shiga na ɗaga buhu na ajiye buhu, ban tarar da kowa ba sai ɓeraye.

Na dawo na ce, Inna ai tsumma ne, in na huta na sake dubawa. Sai ta dafa bango ta miƙe ta ce, "Wane tsumma? Likkahwanina shina ciki!" Ashe shekarar da marigayi Baba ya sauke farali ya sayi bandir guda na farin yadi a can, ya wanke shi da zamzam, ya shanya, ya taho da shi. Da ya rasu aka yanki rabi aka yi masa sutura. Ɗaya rabin ta naɗe ta cusa cikin tsummoki don kada wani ya gani ya yi sha'awa, kowace shekara bayan damina takan fitar da shi ya sha rana lokacin da gida ba kowa. Shekarata tara a gidan nan, sai shekaranjiya na sani.

Ke kika tashi a hannunta, kin fi ni sanin Inna ba ta yar da ko zare. Zane in ya tsufa ya koma majanyi, majanyi ya koma gammo, gammo ya koma abin sauke tukunya. Amma wannan daban ne, tun ranar ba ta da wani zance. Don Allah ki tuna wane gefe kika ajiye, ki rubuto da wuri.

Taki,
Jamilatu.


Hangzhou,
3 ga Nuwamba.

Zuwa ga Yaya Jamila,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na ji daɗin ganin rubutun gida. Ina lafiya, sanyi ne kawai ya fara nuna mini hali. Ki gaishe da Kawu, ki shafa mini kan Humaira. Tsohuwata kuma ki ce mata ta daina kumburin ƙafa, ban gama tara mata kayan lefe ba. Allah ya ba ta lafiya.

Ki yafe mini jinkiri, aiki ne ya yi yawa. Maganar ƙunshi kuwa, gaskiya ranar a gaggauce nake, kaina ya cika da shirin tafiya, ba zan iya cewa ga inda na sa kowane abu ba. Ki duba bayan buhunan dusa, ko saman tsohuwar durowar nan. In sha Allahu zai fito.

Bari in ba ku labarin aikin da nake yi, na san Inna za ta so shi. Malaminmu ya raba mu biyu-biyu, muna shiga gidaje muna tambayar mutane yadda suke yi da tufafinsu: sau nawa suke saye, ko suna faci, in sun gaji da riga ina take zuwa. Abin da ake son ganewa shi ne, ko mutumin da ya saba tattali a rayuwarsa ta kullum shi ne kuma yake rage ɓarnar tufa, wadda yanzu ta zama abin damuwa a ƙasar nan. Yaya, kaya a nan kamar ƙasa. Yarinya tana kwance za ta danna waya, jibi an kawo mata riga har ƙofa, ta sa sau biyu ta ce ta fita ranta. A bakin kowace unguwa akwai wani babban akwatin ƙarfe kore da ake jefa tsofaffin kaya. An ce wasu a nan ake sarrafa su, wasu kuma su ne ake ɗaurewa dila-dila, su bi ta Kwatano su zo mana gwanjo. Ta yiwu rigar sanyin da kika saya wa Humaira a kasuwar Lahadi daga layinmu ta fito.

Abokiyar aikina sunanta Lan, kirki gare ta, da kakarta suke zaune. Ta kai ni gidansu don mu fara da tsohuwar. Nainai suke ce mata, wato kaka. Wallahi da na shiga ɗakin sai na ji kamar na ɗaga labulen Inna. Ga gwangwanin maɓallai, ga zaren da aka warware daga tsohuwar rigar sanyi an dunƙule, ga tsofaffin wanduna an yanka an haɗa an yi shimfiɗar kujera. Kwalar rigar da ke jikinta ma cire ta ta yi ta juya bayanta ta sake ɗinkawa. Kuma ba rashi ba ne, ɗanta injiniya ne. Ta ce lokacin ƙuruciyarta sai da takardar rabo ake samun yadi, abin da za a ba mutum a shekara da kyar ya isa riga da wando, hannunta ya saba tun daga nan.

Muka karanta mata tambayar da ke takardarmu, ko tana yin haka ne don kare muhalli. Ta dube mu sama da ƙasa ta ce ita ba ta san wannan ba, ita dai ba ta ga laifin da rigar ta yi mata ba da za ta kore ta. Lan ta yi ta dariya, amma a hanya ta faɗa mini duk ranar da tsohuwar ta tafi asibiti takan kwashi leda ɗaya ko biyu ta jefa a koren akwati, wai gidan ya samu ya yi numfashi. Na lura, Yaya, wanda yake zaune da tsoho kullum shi ne yake fara gajiya da tarkacensa, ya fitar a ɓoye, a ransa kuma yana ganin taimako ya yi. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Ki ce wa Inna ta riƙa cin abinci tana shan maganinta. Ina kewarku duka.

Ƙanwarki,
Radiyya.


Illela,
6 ga Nuwamba.

Radiyya,

Sallama da gaisuwa. Muna nan da rai. Humaira lafiya, kawunki lafiya. Inna ba lafiya, ni ma ba zan ce miki lafiya nake ba.

Takardarki ta iso ina dawowa daga makaranta. Inna ta ƙagu, ko mayafi ban cire ba na zauna na hau karatu ban fara dubawa ba, wannan wautar tawa ce. Ta yi dariyar lefe, ta ji daɗin labarin tsohuwar Sinawa har tana cewa a gaishe ta. Sai na zo kan layin nan naki mai hikima, na wanda yake zaune da tsoho. Da bakina na karanta shi, da ƙarfi, a cikin kunnenta. Ta ce in maimaita, na maimaita. Sai ta ce, "Kin jiya? Ɗiyag ga ta san abin da taka hwaɗi, kunya ta ta hana ta kama suna." Wa ke zaune da tsohuwa kullum a gidan nan in ba ni ba?

Washegari Mairo maƙwabciyarmu ta shigo dubiya, Inna ta kwashe zance ta faɗa mata. Mairo kuwa ba ta iya ganin wuta ba ta ƙara ice ba. Ta ce ai kuwa cikin damina ta ga Raliya, matar nan da ke yawo tana karɓar tsofaffin kaya tana ba da roba, ta fito daga zaurenmu da ƙunshi niƙi-niƙi a ka. Ranar ce dai ba ta riƙe ba. Inna ta sa Mairo ta leƙa madafata. Me za ta gani? Sababbin robobi uku, shuɗiya da ja da koriya, a jere a kan kantar kwanoni.

Kin gane su ai. Su ne kika ba ni da safen da za ki tafi, kika ce kyautar bankwana ce, na yi ta godiya har ina cewa yarinyar nan akwai hankali. A cikin shuɗiyar nake yi wa Humaira wanka.

Na faɗa wa Inna ke kika ba ni. Ta ce, "Yanzu kuma wadda ba ta nan za ki aza ma? Mi kinka yi da shi, shi kaɗai nika tambaya." Tun ranar ba ta ƙara cin abin da na dafa ba. In na kai kwano yadda na ajiye haka zan ɗauke. Mairo ce ke miƙo mata ɗan kunu ta katanga in ta tuna, ranar da ba ta tuna ba magani ma ba a sha. Kawunki ya ce in yi haƙuri tsufa ne. Haƙuri ya ba ni, amma bai ce ya yarda da ni ba, na kuma lura da hakan.

Kakata da kakanki uba ɗaya suke, tun kina rarrafe na san ki, ban taɓa kama ki da ƙarya ba. Shi ya sa ba zan rubuta abin da nake zato ba. Na duba bayan dusa, na duba saman durowa, don kada ki ce ban duba ba. Yanzu ke nake saurare.

Jamilatu.


Hangzhou,
5 ga Disamba.

Yaya Jamila,

Assalamu alaikum. Ina fata jikin Inna da sauƙi, ke da Kawu da Humaira kuna lafiya. Ni lafiyar jiki kam akwai.

Wata guda ke nan takardarki tana wayata, na ga kiranki sau huɗu ban ɗauka ba. Ba aiki ba ne, kunya ce da tsoro. Ni ce, Yaya. Ban kai komai sito ba. Ranar kina makaranta, na ji Raliya tana shela a waje, na kira ta, na kwaso ƙunshi uku na ba ta ko kwancewa ban yi ba. Na ɗauka tsummoki ne masu tara sauro, ina ganin Inna ba za ta taɓa nemansu ba. Da ta miƙo robobin sai na ga ba ni da inda zan kai su, na ba ki, har na karɓi godiyarki. Wallahi ban san da likkafani a ciki ba sai a takardarki ta farko. Amma daga ranar na sani, kuma na tura ki bayan buhunan dusa. Wannan ba ni da abin da zan kare kaina da shi.

Layin nan da ya jawo miki, da kaina nake. Na kasa faɗa kai tsaye, sai na laɓe bayan Lan na faɗa, ban yi tunanin inda zai faɗo ba. Ki yafe mini.

Makon jiya mun koma wurin Nainai. Ban san abin da ya kai bakina ba na tambaye ta ko akwai abin da ba za ta taɓa yarda a fitar mata ba. Ta sa Lan ta sauko da wani kwali daga saman kabad. Kayan da za a sa mata ne ranar da ta mutu, a al'adarsu tsofaffi da yawa suna tanadar abinsu tun da rai. Da hannunta ta ɗinka shekara goma sha biyu da suka wuce. Tana shafa su tana cewa in ta tuna suna nan sai ta ji hankalinta ya kwanta. Lan ta yi tsuru-tsuru, ashe saura kaɗan ta haɗa da kwalin a kwasar da ta yi bara. Ita Allah ya tsare ta. Ni na nemi banɗaki na shiga na yi kuka, suka ɗauka abincin ne bai karɓe ni ba.

An kuma kai mu wurin da ake tantance kayan koren akwati. Tuli ne ya fi gidanmu tsawo, wasu rigunan ko takardar shago ba a cire ba. Takardun da muka tara ma abin da suka fara nunawa ke nan: tsofaffin da ba su san kalmar muhalli ba su ne ba sa ɓarna, mu kuma da muka iya cika takarda da kyawawan amsoshi, akwatin ya zame mana wurin wanke hannu, mu zubar mu sayo sabo. Malam ya yaba da rahotona. Ina zaune ana tafa mini, ni da na ba da likkafanin kakata aka ba ni roba.

Yaya, ga wata shawara, ki dube ta da sanyin zuciya. Akwai kasuwar yadi a nan, na ga fari mai kauri irin na da. Wani ɗan kasuwa ɗan Sakkwato zai taho gida ƙarshen wata. In na aiko, ki jiƙa shi da ruwan shayi kaɗan ya yi launin tsufa, ki nemi zamzam wurin waɗanda suka dawo Umra ki yayyafa, ki turara, ki naɗe a baƙin zane ki ce kin gani a sito. Idonta ba ya gani sosai. Ita ta samu kwanciyar rai, ke ki fita daga zargi, ba wanda ya ji ciwo. In na dawo ni da kaina zan faɗa mata wata rana.

Ƙanwarki mai laifi,
Radiyya.


Illela,
10 ga Disamba.

Radiyya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Inna ta rame, yanzu sai an riƙe ta take fita alwala, kuma ba ta yarda ni in riƙe ta.

Na ji daɗi da kika faɗa, ban ji daɗin shawararki ba. Ba wanda ya ji ciwo, in ji ki. Wato in tsaya ina dafa shayi ina rina ƙarya, in kai wa matar da ke shirin gamuwa da Ubangijinta, a naɗe ta a ciki tana zaton rabon mijinta ne. Karatun naki har ya kai nan? Kuma kin manta Inna da hannu take gani. Matar da ke shafa atamfa ta faɗa miki ta Kwatano ce ko ta Kano, ita za ki ruɗa da yadin Chana?

Tun kafin amsarki ta zo na gaji da jira na shiga neman Raliya, ranar Lahadin nan na same ta a kasuwa. Ba ta yi musu ba, ta ce, "Wagga mai gilashi ta, 'yab boko, ita tak kira ni." Na ce ta zo ta faɗa a gaban Inna, ta ce ita ba ta shiga rigimar gidan mutane, kuma ko ta zo cewa za a yi na saye ta. Gaskiyarta. Farin yadin kuwa ta tuna shi sarai, don ta ce ba ta taɓa samun mai kyansa a cikin tsumma ba. Ta yanka shi huɗu ta sayar wa masu awara, su suke neman irinsa don tace waken suya. Uku sun tsallaka Nijar. Ɗaya yana Darna Sabon Gari.

Jiya na tashi daga makaranta na hau kabu-kabu na je. Na same shi a shanye a kan darni, ya koma ruwan ƙasa, tsakiyarsa ta huje an ɗaure da zare. Na tsaya ina kallonsa kamar wata sakarya. Matar gidan ta ɗauka yunwa nake ji, ta zubo mini awara da yaji ta ce in ci kyauta. Na yi mata godiya. Na ƙulle awarar a leda na ba almajiran hanya, ban iya kai ta baki ba.

Don haka maganar yadi ta ƙare, ba ya dawowa. Abin da ya rage shi ne tsohuwa ta ci abinci, ni kuma a daina kallona a matsayin wadda ta sayar da likkafanin uwar mijinta. Dangi sun fara ji, ƙannen kawunki mata sun zo daga Tozai sun gaishe da kowa ban da ni. Maganata ba ta da nauyi a nan, taki ce kawai Inna za ta ɗauka. Ki rubuto mata da sunanta, gajeruwa, ba labarin Sinawa a ciki. Zan sa kawunki ya zauna a wurin in karanta. Kada ki ɗauki wata guda wannan karon, ba na jin muna da shi.

Jamilatu.


Hangzhou,
Juma'a, 2 ga Janairu.

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum Inna. Radiyya ce. Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne.

Inna, yau ba wasa na zo yi ba. Ƙunshinki ni na fitar da shi. Ranar da kika tafi Garu na kira Raliya na ba ta, ta ba ni robobi uku, na kai wa Yaya Jamila na ce kyauta ce. Ita tana makaranta, ba ta san komai ba. Da kika dawo na ce miki na kai sito, ƙarya na yi. Da aka tambaye ni a takarda na sake yin wata. Maganar da na rubuta ta mai gajiya da kayan tsoho, ni ce mai gajiyar, ba ita ba.

Ban san abin da ke ciki ba, amma na san naki ne, kuma ban tambaye ki ba. Ke kika riƙe ni tun ina shekara huɗu, da tsohon zanenki kika yi mini rigar makarantar allo ta farko, ina ta taƙama da ita. Na girma na ga kayanki sun zama tarkace a idona. Na raba ki da abin da Baba ya bar miki, ba ni da yadda zan mayar.

Ki ci abincin Yaya Jamila, Inna, ba ta ci amanarki ba. In za ki yi fushi ki yi da ni. Ina roƙon ki yafe mini don Allah, ko ba yanzu ba.

Yaya, na san kin ce kada in jima, ga shi na kwashe kwana ashirin da uku. Kullum sai na rubuta in yage. Ki karanta mata duka, kada ki rage komai.

Radiyya.


Illela,
12 ga Janairu.

Radiyya,

Assalamu alaikum. Na san kawunki ya kira ki ranar ya sanar da ke. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta, ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Baƙi sun ragu, mu da muka rage muna lafiya. Akwai abin da kawunki bai faɗa miki ba don bai sani ba, shi zan rubuta.

Ranar Talatar makon da za ta rasu Mairo ta tafi biki Gwadabawa, kunun katanga ya yanke. Talata ba ta ci ba, Laraba ba ta ci ba, kawunki ya sayo mata na kasuwa ta ce ita ba ta cin abincin titi da tsufanta. Kullum ina duba waya, ba takardarki. Ranar Alhamis da hantsi na dama fura na shiga, na ga leɓenta ya bushe ya tsage. Sai kawai na durƙusa na kai bakina kunnenta na ce, Inna ni ce na ba da shi, ban san abin da ke ciki ba, ki yafe mini. Ban shirya ba, fitowa kawai ta yi.

Sannan ta lalubo kaina ta dafa ta ce, "Abin da nika jira ke nan tun wata ukku. Na yahe miki duniya da lahira. Kawo hurag ga." Ta sha rabin kwano a hannuna, ta sha magani. Da la'asar ta ce in riƙe ta ta yi alwala.

Washegari Juma'a takardarki ta shigo. Na karanta a madafa sau biyu, wannan karon na koyi dubawa. Da na shiga ɗaki ta ce ta ji shiru, ko 'yar Chana ta manta da ita. Na ce ga takardarta ma yanzu ta iso. Ta gyara kwanciya tana murmushi ta miƙo kunne. Radiyya, na dubi fuskar nan na kasa. Na karanta mata gaisuwarki, daga nan na ci gaba da abin da ba ki rubuta ba. Na ce kina cin jarrabawa, kina yi mata addu'a, tsohuwar Sinawa tana amsa gaisuwa. Ta ce, "Allah shi yi mata albarka. Ita ko allura ba ta taɓa ɓadda mani ba." Na ce amin.

Ni da na yi miki faɗa a kan rina yadi, ga shi na yi mata ƙarya biyu cikin kwana biyu. Ina ta istigfari, har yanzu ban san ko daidai na yi ba. Abin da na sani, ta ci abinci kwana uku a jere, kuma ranar Lahadi da safe a kan cinyata ta cika. Yadin da aka yi mata sutura kawunki ne ya sayo a bakin kasuwa, ni da Mairo muka yanka.

Yafiyar da kika roƙa an yi ta, amma da sunana aka yi. Ke ba ta tafi da komai a kanki ba sai albarka, ki san yadda za ki yi da ita. Ni na yafe miki wahalar da na sha, ba zan ce miki zuciyata ta gama hucewa ba.

Saura abu ɗaya. Da Mairo ta dawo daga biki Inna ta faɗa mata na amsa laifi, don haka duk wanda ya zo zaman makoki ya ji. Ƙannen kawunki ko kallona ba su yi ba, ɗaya ta ce a gabana wai Allah ya isa tsakaninsu da mai roba. Shi kansa yana yi mini magana kamar baƙuwa. Takardarki tana nan ban nuna wa kowa ba, kuma ba zan nuna ba, don in ta fito daga hannuna cewa za a yi na jira tsohuwa ta rufe ido na matsa wa yarinya. A gidan nan zan ci gaba da zama, a nan Humaira za ta girma tana jin abin da ake faɗa a kan uwarta. Ba zan sake rubuto miki a kan wannan magana ba. Lambar kawunki tana cikin wayarki.

Jamilatu.